Rini Ko Shafe? Yadda Ake Buga Hoto A Jikin Rigar Wayar Hannu

Wayar hannu ta zama abokiyar tafiyar kowa a ƙasar nan, tun daga attajiri har mai tura baro, kuma da wuya a ga wadda ke yawo tsirara. Kusan kowace da rigarta, watau murfin nan na roba ko na fata da ake sanya mata don kada ta fashe idan ta faɗi. Da ma gidan waya ya kamata a kira shi, sai dai ofishin aika wasiƙu ya riga ya karɓe wannan suna tun zamanin Turawa, saboda haka jama'a suka tsaya a kan rigar waya. A 'yan shekarun nan kuwa aikin rigar ya wuce kariya, ya kai ga ado da talla. Wani hoton 'ya'yansa ne a jiki, wani tambarin kulob ɗin ƙwallon da yake goyon baya, wata sunanta da na angonta da ranar biki, wani kuma fuskar ɗan takarar jam'iyyarsa.

Wannan sha'awa ta haifar da sana'a sabuwa, wadda samari da 'yan mata da yawa ke neman abinci da ita a kasuwar Computer Village ta Ikeja, da unguwar Shomolu ta masu ɗab'i a Ikko, da Banex a Abuja, da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Amma akwai wani kuka da ya zama ruwan dare. Hoto yakan yi kyau ranar da aka karɓe shi, kafin 'yan makonni ya fara ɓarewa, ko ya koɗe, ko ya tsattsage a gefe. Mai waya ya ce an cuce shi, mai bugu ya ce laifin tawada ne. Galibi kuwa tushen abin guda ne: hanyar da aka bi wajen bugun ba ta dace da irin robar da aka buga a kanta ba.

Marinan Ƙofar Mata a Kano sun daɗe da sanin wannan magana. Baba yana ratsa zare ne ya zauna a cikinsa, shi ya sa rinannen zane yakan tsufa da launinsa. Fentin bango kuwa a sama yake zaune, ranar da damshi ya shiga ƙarƙashinsa sai ya ɓanɓare. Hanyoyin buga hoto a rigar waya sun kai 8, amma bisa wannan ma'auni za a iya kasa su gida biyu, masu rini da masu shafe. Wanda ya gane wannan rabon, ko mai saye ne ko mai niyyar shiga sana'ar, ya tsira daga asara mai yawa.

Asalin al'amarin

A shekarar 1998 kamfanin Nokia na ƙasar Finland ya fito da waya mai lamba 5110, wadda mai ita zai iya cire murfin gabanta ya sa wani mai launi dabam. Daga nan jama'a suka fara ɗaukar waya a matsayin abin kwalliya. A lokacin Nijeriya ba ta shiga sahu ba tukuna, don layukan tarho na kamfanin NITEL ba su kai rabin miliyan ba a duk faɗin ƙasar. Sai a watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon lasisin wayar GSM, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, Glo ya biyo baya a 2003.

Wayoyin wancan zamani, irin su Nokia 3310, ƙarfi gare su, sukan faɗi a ɗauke su a kakkaɓe. Abin ya sake ne daga 2007, sa'ad da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPhone, sauran kamfanoni suka bi sawu. Fuskar waya ta koma gilashi tun daga sama har ƙasa, faɗuwa ɗaya takan jawo kuɗin gyara mai tsoka, saboda haka riga ta zama dole. Bayan wayar kuma ya zama fili shimfiɗaɗɗe, wanda ya dace da hoto. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika kasuwannin Nijeriya, na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Daga wannan yanki, musamman Shenzhen da Guangzhou, ake shigo da yawancin rigunan da ba a buga kome a kansu ba, tare da injuna da tawada.

Ba dukan roba ce iri ɗaya ba

Kafin a yi maganar bugu sai an san abin da za a buga a kansa. Akwai roba mai tauri da ake kira folikabonet, wadda ba ta lanƙwasuwa sosai, in an matsa mata sai ta tsage. Akwai mai laushi da ake kira TPU, wadda ake iya murɗewa ta koma yadda take, ita ce kuma aka fi yin riguna garai-garai da ita. Aibinta shi ne hasken rana yana sa ta koma ruwan ɗorawa a hankali, kuma wanki ba ya maido ta, don canjin a cikin jikin robar yake. Akwai silikon mai santsi da daɗin riƙo, wanda kusan babu abin da ke kama jikinsa. Tawadar da ba tasa ba takan zauna a kansa kamar ruwa a ganyen gwaza. Sa'an nan akwai gilashi, da katako, da fata ta ainihi, da fatar roba. Mai bugun da bai bambanta waɗannan ba yana tafe ne cikin duhu, ko da injinsa na miliyoyin naira ne.

Rinin tururi

Hanyar da ta fi kama da rini ita ce wadda masu sana'a ke kira sablimeshan. Duk wanda ya taɓa ajiye kafur a akwatin tufafi ya ga yadda take aiki: ƙwayar kafur takan ƙare ba tare da ta narke ta zama ruwa ba, sai dai ta bi iska, ƙamshinta ya kama tufafin. Haka ita ma wannan tawada take. Wani Bafaranshe mai suna Noël de Plasse ne aka san ya gano amfaninta wajen bugun yadi a shekarar 1957.

Ana fara buga hoton a kan takarda ta musamman, a juye, kamar yadda mutum ke ganin kansa a madubi. Sai a kifa takardar a kan abin da za a rina, a ɗaure ta da salatif mai jure zafi, a danne da injin guga wanda zafinsa ya kai digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin santigired. Zafin yakan mai da busasshiyar tawadar ta zama tururi, a lokaci guda kuma yana buɗe jikin robar, tururin ya shige. Da abin ya huce sai robar ta rufe a kan launin. Idan aka shafa hannu ba a jin tudun kome, don hoton yana ciki, farce kuma ba ya kankare shi.

Iri biyu ne. A na farko, rigar tana zuwa da wani faifan alminiyon fari wanda aka shafe da foliyesta. Shi ake gogewa na kimanin minti 1, sa'an nan a manna shi a bayan rigar, gefenta kuwa ya zauna baƙi ko garai. A na biyu, ana ɗora rigar dungum a kan wani ƙarfe da aka ƙera daidai siffar wayar, a sa a cikin tanda mai zuƙe iska, takardar ta manne ko'ina, hoton ya zagaye har gefuna. Wannan yakan ɗauki mintoci da dama, kuma kowace irin waya da nata ƙarfen.

Sai dai rinin tururi yana da sharuɗɗa. Ba ya kama kome sai foliyesta ko abin da aka shafe da ita, saboda haka ba a yin sa a kan kowace rigar da aka tsinto a kasuwa. Ba shi da farar tawada, farin da ke cikin hoto farin rigar ne, watau ba ya yiwuwa a kan baƙar riga. Idan zafi ya yi yawa baƙi yakan koma ruwan ƙasa, idan ya gaza hoton ya fito a dushe, idan kuma takarda ta motsa sai a ga inuwa biyu. Daɗin daɗawa, rana mai tsanani tana koɗar da shi in an daɗe ana barinsa a cikinta, kamar a gaban mota. Faifan alminiyon kuma yakan hana cajin nan da ake yi ba tare da jona igiya ba.

Tawadar da haske ke busarwa

Sarkin masu shafe shi ne injin UV. Ana kwantar da rigar a kan teburin injin, kan bugu ya riƙa kai da kawowa yana fesa ɗigon tawada ƙanana ƙwarai, wata fitila tana biye da shi. Hasken fitilar irin wanda ke cikin rana ne amma ido ba ya ganinsa, kuma da ya sauka a kan tawadar sai ta daskare nan take ta zama siririn ɓawon roba. Ba a jiran bushewa, ba a kuma bukatar zafi mai yawa. Kamfanonin Japan irin su Mimaki da Roland ne suka yaɗa ƙananan injunan da za a iya ɗorawa a kan tebur wajen shekarun 2010 da 2011, daga baya masana'antun ƙasar Sin suka fito da masu araha.

Fifikon wannan hanya a fili yake. Tana da farar tawada, wadda ake shimfiɗawa a ƙasa kafin a zuba launi, don haka hoto yakan fito sarai a kan baƙar riga ko garai-garai. Tana bugawa a kan roba da gilashi da katako da fata. Ana iya maimaita tawada a wuri guda har ta yi tudu, mutum ya ji zanen da yatsansa, a kuma bi ta da man ƙyalli. Riga ɗaya tak ma ana bugawa cikin 'yan mintoci, abin da ya sa ta dace da mai son hoton kansa.

Amma shafe shafe ne. Ɓawon tawadar yana zaune a sama, makulli da tsabar kuɗi na gogarsa a aljihu kullum. Akwai tawada mai tauri da mai laushi, kuma nan ne ake yawan yin kuskure. Idan aka buga mai tauri a kan TPU, ranar da mai waya ya lanƙwasa rigar don ya cire ta, hoton zai tsattsage kamar busasshiyar laka a bakin tafki. Gilashi da ƙarfe suna bukatar a fara shafa musu wani ruwa mai sa tawada ta kama. Maiƙon hannu ma kaɗai ya isa ya hana kamawa, shi ya sa ƙwararru ke goge riga da sifirit kafin su buga. Wata dabara mai kyau ita ce a buga hoton a juye daga cikin riga garai-garai, launi a fara, fari a bisa, ta yadda robar kanta za ta zama garkuwar hoton.

Rariya da hatimi

Bugun rariya, wanda aka fi sani da sikirin, ya girmi sauran nesa ba kusa ba. Ana danganta asalinsa da ƙasar Sin a zamanin daular Song, tsakanin shekarar 960 da 1279, kuma wani mutumin Manchester a Ingila mai suna Samuel Simon ya yi rajistar irin tasa dabarar a 1907. Ana ɗaure yadi mai ƙananan huda a jikin katako kamar rariyar tankaɗe, a toshe hudojin ban da inda zane yake, a zuba tawada a ja ta da faifan roba, ta zubo ta inda aka bari. Da wannan hanya ake buga yawancin rigunan sawa na lokacin zaɓe. Kowane launi da rariyarsa, saboda haka ba ta dace da hoton fuska mai launi barkatai ba, kuma shirya rariya don riga ɗaya asara ce. Amma idan kamfani ko ƙungiya na son tambari mai launi 1 ko 2 a kan riguna 500, da wuya a sami hanyar da ta fi ta sauƙin kuɗi. Ita ce kuma maganin silikon, don akwai tawadar da aka yi da silikon, wadda in an gasa ta takan haɗe da jikin rigar.

Bugun hatimi kuwa daga masu ƙera agogo na ƙasar Suwizalan ya samo tushe, waɗanda ke buga lambobi a fuskar agogo. Wani Bajamushe, Wilfried Philipp, shi ya kyautata shi a ƙarshen shekarun 1960 da dunƙulen silikon mai laushi. Dunƙulen yakan dangwalo tawada daga faifan ƙarfe da aka sassaƙa zane a kai, ya dangwala a jikin kaya, ko da wurin a lanƙwashe yake. Ƙananan rubuce-rubucen da ake gani a jikin caja da sauran kayan lantarki, da yawansu da shi ake yi. Na ƙaramin tambari ne, ba ya cika bayan waya da hoto.

Tsomi, zubi da ƙuna

Akwai hanyar tsomawa a ruwa, wadda ta yaɗu daga Japan a farkon shekarun 1980. Ana shimfiɗa wata siririyar leda mai zane a kan ruwa mai ɗumi, a fesa mata magani, ledar ta narke ta bar zanen yana yawo a saman ruwa. Sai a tsoma rigar a hankali, zanen ya naɗe ta ko'ina. Da ita ake yin zanen katako da na marmara da na kakin soja. Ba a iya daidaita fuskar mutum da ita, don zanen yakan miƙe yadda ruwa ya ga dama, kuma tilas a bi shi da man kariya, in ba haka ba ya goge.

Manyan masana'antu kuma suna da tasu, wadda ta yi kama da aikin maƙeran zubi. Ana buga zane a kan leda, a sa ta cikin mazubin ƙarfe, a tura narkakkiyar roba a bayanta, rigar ta fito da zanen a binne ƙarƙashin wani ɓawo garai. Wannan ya fi kowane jure guga, amma mazubin yana da tsada ƙwarai, sai wanda zai yi dubbai. Yawancin riguna masu zanen furanni da marmara masu ƙyalli da ake shigowa da su haka ake yin su.

Leza kuwa ba ta amfani da tawada ko kaɗan. Haske ne mai ƙarfi da ke ƙona saman katako ko fata ya bar zane, kamar yadda masu gyaran ƙwarya ke yi da wuƙa mai zafi. Launinta ɗaya ne, na ƙuna, amma ba ya gogewa har rigar ta mutu. A nan dukawa na da rabo, don jar fatar akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna a duniya tun ƙarnuka da suka wuce, tana karɓar irin wannan zane da kyau. Haɗarin yana wajen fatar roba: da yawanta da PVC ake yi, kuma in leza ta ƙona PVC takan fid da hayaƙi mai guba da ke cutar da huhu ya kuma ci ƙarfen injin.

Ta ƙarshe ita ce sitika. Ana buga hoto a kan leda mai danƙo, inji ya yanka ta daidai siffar waya, a manna. Tun wajen 2020 aka sami wata sabuwa da ake bugawa da injin UV a kan leda, a ɗauko zanen a liƙa shi a jikin riga ba tare da zafi ba. Sitika ta fi kowace araha, kuma babu laifi a cikinta muddin an gaya wa mai saye gaskiya. Laifin shi ne a sayar da ita da sunan bugu, don gumi da zafin aljihu sukan ɗaga bakinta.

Hoton da aka kawo

Sau da yawa aikin yakan lalace tun kafin a kunna inji. Masu ɗab'i sun saba neman ɗigo 300 a kowane inci. Bayan babbar waya yakan kai inci 6 da rabi a tsaye, inci 3 a kwance, watau ana bukatar hoto mai ɗigo kusan 1,950 a tsaye da 900 a kwance. WhatsApp kuwa yakan matse hoto ya rage masa nauyi, balle wanda ya bi ta hannu biyar kafin ya iso. Gara a aika da shi a matsayin takarda, ko a kawo na asali. Har ila yau, fuskar waya da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, ita kuwa tawada daga shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda da rawaya da baƙi take haɗawa. Saboda haka launin da ke walƙiya a waya ba lalle ya fito haka a riga ba. Mai bugu na kirki yakan bar rarar kimanin milimita 3 a gefe, ya kuma duba kada ramin kyamara ya faɗa a kan goshin mai hoto.

Lissafin mai shiga sana'a

Matasa da yawa suna yi wa wannan sana'a kallon kitse, alhali akwai rogo a ciki. Abu na farko, kowace waya da siffarta, kamfanoni kuma suna fito da sababbi kowace shekara. Wanda ya tara riguna 200 na wayar da aka daina yayi, kuɗinsa ya kwanta. Na biyu, farar tawadar UV tana ɗauke da wani gari mai nauyi da ke kwantawa kamar kamu a ƙasan ƙwarya. Idan aka bar inji kwana da kwanaki ba a motsa shi ba, sai ta toshe kan bugun, wanda yana cikin sassan da suka fi tsada. Watau injin yana shan tawadar wanke kansa ko akwai ciniki ko babu.

Na uku shi ne yanayi da lantarki. Ƙurar hunturu tana faɗawa cikin hoto, bushewar iska kuma tana sa roba ta riƙa jan ɗigon tawada zuwa inda ba a nufa ba. Ɗauke wuta a tsakiyar bugu yakan ɓata riga, hawa da saukarta kuma yakan ƙona inji. Injin guga yana jan wuta da yawa, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarsa da sauƙi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki farashin naira a watan Yuni na wannan shekara, kuɗin mai da na kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. Hanyar da ta fi aminci ga mai ƙaramin jari ita ce ya fara da injin guga, wanda zai yi masa rigunan sawa da sauran kayan rabon biki, ya riƙa kai aikin UV wurin mai inji har cinikinsa ya kafu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu kuwa ba sa fid da shi.

Lafiya da doka

Tawadar UV da ba ta daskare ba tana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, wanda kuma jikinsa ya riga ya ƙi ta, da wuya ya sake jure ta. Lalle ne mai aiki ya sa safar hannu, ya guji kallon fitilar, ya kuma yi aiki inda iska ke ratsawa. Maganin da ake fesawa a bugun tsomi shi ma ba abin shaƙa ba ne a rufaffen shago. Rigar da aka karɓa tana danƙo ko tana wari mai ƙarfi alama ce tawadar ba ta gama daskarewa ba, kuma abu ne da za a riƙa karawa a kunci, yara kuma su sa a baki.

Ta fuskar doka, sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare aikin mai zane da mai ɗaukar hoto. Tambarin kulob ɗin ƙwallo da na kamfani dukiyar masu su ce, buga su don sayarwa ba da izini ba yana iya kai mutum gaban shari'a. Akwai kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta watan Yuni na 2023. Hoton matar aure ko na yaro da aka kawo don bugu amana ce, bai kamata a bar shi a kwamfutar shago ba, balle a yi tallar sana'a da shi ba da yardar mai shi ba.

Abin da mai saye zai duba

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Tambaya ta farko da ya kamata mai saye ya yi ita ce: da wace hanya za a buga, kuma a kan wace irin roba? Mai bugun da ya kasa amsawa, a wuce gaba. Sa'an nan a nemi samfur a gwada. A shafa yatsa: in babu tudu, rini ne ko zubi, in akwai, shafe ne. A karce gefen hoton da farce. A lanƙwasa riga mai laushi a ga ko zai tsage. A masana'antu akan tsaga ƙananan murabba'ai a kan fenti da reza, a manna salatif a fizge, a ƙirga nawa suka biyo shi, kuma kowane mai shago yana iya yin wannan gwaji a kan riga ɗaya kafin ya ɓata ɗari. A ɗiga ruwan tsabtace hannu mai sifirit a goge, don a lokacin annobar korona ta 2020 ya zama abin da hannu ba ya rabuwa da shi, kuma yana cin shafen da bai kama ba.

Kada kuma ado ya sa a manta da aikin riga na asali. Bakinta ya ɗan fi gilashin waya da kyamara tudu, kusurwoyinta su yi kauri, don nan ne waya ta fi faɗawa. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura 40. Riga mai kauri tana riƙe zafi, zafi kuma yana rage kwanan batir, saboda haka cire ta lokacin caji dabara ce.

Ga masu sana'ar kuwa, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin bugu, wajibinsa ne ya gaya wa mai kaya ko rini zai yi masa ko shafe, da kimanin yadda zai daɗe, ya kuma ƙi karɓar aikin da injinsa ba zai iya ba. Rigar waya tana shiga masallaci da coci da tasha da gidan biki, kuma duk wanda ya gan ta a hannun mai ita bayan wata shida, ko da kyanta ko a ɓare, zai tambayi shagon da aka buga ta.